Zaren Gilashi a Tudun Cordillera

Matakala ɗari da sittin da biyu
daga bakin titi zuwa ƙofata.
Na ƙirga su da ƙafa, na ƙirga su da gwiwa,
yanzu da numfashi nake ƙirgawa.
Valparaíso ba ta shimfiɗa wa kowa tabarma.
Gidajenta maƙale suke da tudu
kamar kaska a kunnen kare.

Sai da faiba ta gama da masu kuɗin bakin teku,
ta zaga bankuna, ta sha shayi a otal-otal,
sannan ta tuna da mu.
Shekara biyu ina ganin tallarta a jikin bas.
Ranar Talata ta iso, a kafaɗar wata yarinya,
Ximena Quilodrán, in ji katin da ke wuyanta,
hular kwano, igiya a ƙugu, tana haki.

Ta hau falwayar da ke gaban shagon Baldomero.
Ban ce mata uffan ba.
Ban ce shekara talatin da ɗaya na yi ina hawanta ba,
jan ƙarfe a haƙori, filaya a aljihu.
Ban ce tabon nan na tafin hannuna
ita ta ba ni shi ba, daren da ƙasa ta girgiza,
muka kwana muna ɗaura wa gari jijiyoyinsa
don iyaye su ji muryar 'ya'yansu.

Ita ce ta sauko da kanta, goshi a murtuke:
"Don Eleuterio, bututun nan ina ya bi?
Taswira ta ce hagu, bango ya ce ƙarya ne."
Na ɗauki sandata.
Na kai ta gindin lemon tsami,
inda muka karkatar da shi
saboda kabarin kyanwar wata tsohuwa
da ta rantse sai ta watsa mana tafasasshen ruwa.
Ta yi dariya har hularta ta zame.
Ashe taswira ma takan nemi tsoho.

Sai ta nuna mini abin:
siriri, bai fi gashin gira ba,
ka cika lanƙwasa shi ya karye,
wai haske ne ke gudu a cikinsa.
Na ce, mu da muka ɗora magana a kan ƙarfe,
gishirin teku ya cinye rabinta.
Ta ce wannan ba abincin gishiri ba ne.
Ta naɗe tsohuwar wayata, ta yi kore don tsufa.
Na roƙi taƙi ɗaya.
Yana aljihun rigata, yana sukata in na sunkuya.

Da dare na kira Casilda a Malmö.
Shekara tara fuskarta tana zo mini a farfashe,
baki ya tsaya, murya ta wuce,
mu ce, "Layi ne," mu kashe,
kowa ya kwanta da abin da bai faɗa ba.
Layi ya sha zagi a gidan nan.
Ya ɗauki kayan da ba nasa ba, bai taɓa musu ba.

Yau ga ta garau.
Ga furfura uku kusa da kunnenta, ban san da su ba.
Ga kofin mahaifiyarta can bayanta a kan kanta,
wanda na birkice gidan nan ina nema
bayan jana'iza.
Ina jin har bugun agogon ɗakinta.
Muka yi shiru,
shirun kuwa ya iso cikakke, ko tsinkewa bai yi ba,
kuma babu wanda za a ɗora wa.

"Baba," ta ce, "kana ji na?"

'Yar fitilar akwatin kore shar, ba ta ko ƙiftawa.
Can ƙasa wani jirgi ya yi kuka, yana barin tasha.
Na gyara zama.
Na ce, "Ina ji. Faɗi."